Idan Aka Karkata Akalar Jirgin Sama, Wa Zai Ɗauki Nauyin Fasinja?

Kowace shekara da zarar hunturu ya kama, ƙura ta taso daga hamada ta lulluɓe sararin samaniyar ƙasar nan, sai harkokin sufurin jiragen sama su shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Jirgin da ya nufi Legas ko Kano ko Abuja yakan yi ta shawagi a sama, daga bisani a sanar da fasinjoji cewa an karkata akalarsa zuwa wani filin dabam. A nan ne mafi yawan mutane kan fara ɗora wa matuƙin jirgi laifi. A ganinmu wannan rashin adalci ne, domin kuwa ainihin matsalar tana farawa ne bayan jirgi ya sauka lafiya.

Ka'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta wa matuƙi ya tashi da man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani filin na ko-ta-kwana, sannan da ragowar da za ta riƙe jirgin a sama na tsawon minti 30. Haka nan kowane filin jirgi yana da iyakar nisan ganin da ake bukata kafin a sauka. A filin da ke da na'urar taimaka wa jirgi sauka mai daraja ta ɗaya, tilas ne matuƙi ya iya hangen kimanin mita 550 a kan titin sauka. Mai daraja ta biyu takan rage shi zuwa mita 300, ta uku kuwa ta fi haka sauƙi. Idan hazo ya wuce wannan iyaka, mai kuma yana ƙarewa, to matuƙin da ya juya ya yi abin da ya dace, don da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To, amma me ke faruwa bayan an sauka? Abu na farko, filin da aka sauka sau da yawa kamfanin jirgin ba shi da ofis ko ma'aikaci a can. Babu matakalar sauke fasinja da aka tanada, babu motar kai su zaure, babu mai sayar da mai da aka yi jinga da shi. Saboda haka ake barin mutane a zaune cikin jirgi sa'o'i da dama, har da tsofaffi da mata masu goyo. Idan a wata ƙasa ce kuwa, sai batun takardar izinin shiga ya taso. Ɗan Nijeriya da aka sauke a Gana yana iya fita gari albarkacin yarjejeniyar ECOWAS, amma abokin cinikinsa da ya taso daga Indiya ko Sin da bizar Nijeriya kaɗai ba shi da wannan dama.

Abu na biyu shi ne halin da su ma'aikatan jirgin kan shiga. Doka ta ƙayyade sa'o'in da matuƙi da masu hidimar fasinja za su yi suna aiki a jere, domin gajiya a wannan sana'a tana iya jawo asarar rayuka. Jirgin da ya taso daga London ko Dubai ya riga ya cinye mafi yawan waɗannan sa'o'i kafin ya iso Legas. Da zarar sun cika, ko da hazo ya washe a lokacin, jirgin ba zai tashi ba sai ma'aikatan sun huta, ko kuma an kawo wasu daga nesa. Wannan ne dalilin da ya sa jinkirin sa'a biyu kan rikiɗe ya zama na kwana ɗaya ko fiye. Su ne kuma ke shan baƙar magana daga fasinjoji, alhali ba su da ikon samar da masauki ko abinci.

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Fabrairun 2020 ba, lokacin da hazo ya rufe filin jirgin saman Murtala Muhammed na Legas, aka karkata jiragen British Airways da Emirates da Delta zuwa Accra. An riga an kafa na'ura mai daraja ta uku a Legas, sai dai ba a kammala daidaita ta ba. Fasinjoji suka yi kwanaki a Gana, wasunsu ma suka haƙura suka biyo mota, tafiyar da ta haura kilomita 400 tare da ratsa Togo da Jamhuriyar Benin. Ga ɗan kasuwa, irin wannan jinkiri asara ce ta tsabar kuɗi: kaya na jiran sa hannu a tashar ruwa kuɗin ajiya na hauhawa, taron ƙulla ciniki ya wuce, tikitin jirgin Kano da aka saya ya tafi a banza.

Shin doka ta kare shi? Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ta shigar cikin dokarta a 2006, ta ɗora wa kamfani biyan diyyar jinkiri, amma ta wanke shi idan ya nuna cewa ya yi duk abin da ya kamata. Kamfanoni kuwa sukan fake da cewa yanayi ikon Allah ne. Tarayyar Turai ta toshe wannan kafa da dokarta mai lamba 261 ta 2004, wadda ta ce ko da yanayi ne sanadi, wajibi ne kamfani ya ciyar da fasinja ya kuma ba shi makwanci. Hukumar NCAA ita ma tana da ka'idojin kare fasinja, sai dai ka'idar da mutum bai san da ita ba, kuma babu jami'in da zai tilasta ta da tsakar dare, amfaninta kaɗan ne.

Masu kamfanonin jirage za su ce suna fama da tsadar mai da ƙarancin kuɗin waje, kuma kowace karkatarwa asara ce gare su. Gaskiya ne. Amma kamfani yana da damar yin tanadi da sanya wannan cikin lissafinsa tun farkon shekara, fasinja kuwa ba shi da ita. Ƙa'idar tattalin arziki ita ce a ɗora nauyin haɗari a kan wanda ya fi ikon rage shi.

Mun kuma ga amfanin shiri a 2017, sa'ad da aka rufe filin jirgin saman Abuja na makonni shida daga 8 ga Maris don gyaran titin sauka, aka mayar da zirga-zirga Kaduna. Ko da yake yawancin kamfanonin waje sun ƙi zuwa, in ban da Ethiopian Airlines, an tanadi motoci da jirgin ƙasa da jami'an tsaro, jama'a kuma suka san abin da ke gabansu.

Hunturu ba baƙo ba ne, kowa ya san watan zuwansa. Don haka ya kamata hukumar NAMA ta riƙa kammala daidaita na'urorin sauka kafin watan Nuwamba. Ita kuma NCAA ta wajabta wa kowane kamfani ya gabatar da rubutacciyar yarjejeniya da masu hidimar jirage da masaukan baƙi a duk filin da ya zaɓa a matsayin na ko-ta-kwana. 'Yan kasuwa kuma, musamman ƙungiyoyinsu, su riƙa adana rasidin duk abin da suka kashe, su kai ƙara a rubuce, su kuma bar tazarar kwana guda tsakanin saukarsu da muhimmin alƙawari a watannin hazo. Rigakafi dai ya fi magani.