Ƙwaƙwalwarmu Ma Lissafi Take Yi

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu da zarar an buga ƙararrawar darasin lissafi sai mu fara hamma, muna cewa ba zai amfane mu da komai ba. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin wannan magana ba daidai ba ce, kuma hujjarmu tana cikin kawunanmu.

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna aika wa juna saƙo da ɗan ƙaramin lantarki. A shekarar 1943, wasu masana biyu a Amurka, Warren McCulloch da Walter Pitts, suka nuna cewa ana iya rubuta aikin ƙwaya ɗaya da lissafi: tana tara saƙonnin da suka zo mata, idan jimillar ta kai wata iyaka sai ita ma ta aika nata. Mu ɗauka iyakar 3 ce. Ƙwayoyi biyar sun ce "tashi", ɗaya ta ce "tsaya". Biyar a debe ɗaya saura 4, ya wuce 3, sai ta tashi. Wannan ai tarawa da debewa ne da muke yi a aji ɗaya!

A 1952 kuma, Alan Hodgkin da Andrew Huxley a Ingila, bayan sun auna lantarkin jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid, suka bayyana tafiyar saƙon da lissafi. Sun samu kyautar Nobel a 1963.

Ina amfanin wannan a gare mu? Ku duba farfaɗiya. Tana faruwa ne idan ƙwayoyi masu yawa suka tashi lokaci guda fiye da kima, kuma masana suna amfani da irin wannan lissafi don su gane dalili. Duk da haka, idan wani ya faɗi a makaranta sai a watse, wai ana ɗauka ta yawu. Ba a ɗauka. Wanda ya fahimci yadda ƙwayoyin nan ke aiki ba zai gudu ya bar ɗan ajinsu a ƙasa ba.

Muna roƙon malamanmu na lissafi da na kimiyya su haɗu su ba mu darasi ɗaya a kan wannan, ko da sau ɗaya a zango. Mu kuma mu daina zamewa ta taga.