Shekarun Sa-kai A Asibiti: Wa Zai Lissafa Su?

Duk sa'ad da aka ce gwamnati za ta ɗauki ma'aikatan lafiya, sai wata tsohuwar gardama ta tashi a Nguru da Gashuwa. Watau wanda ya yi shekaru yana aikin sa-kai ko na wucin gadi a asibiti, za a lissafa masa shekarun nan, ko kuwa sun bi ruwa ke nan?

Ga yadda abin ya ke. Kwalejin Galtima Mai Kyari da ke Nguru tana yaye malaman lafiya, amma guraben aiki ba su kai yawansu ba. Sai yaro ya je ɗakin shan magani na ƙauyensu yana taimakawa, wani da ɗan alawus, wani sai Allah ya saka. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙara yawan irinsu. A 2009 ta baza unguwarzoma ƙauyuka bisa kwantaragi, a 2016 kuma ta kawo shirin N-Power, inda aka riƙa biyan Naira 30,000 a wata, sa'an nan aka sallami rukuni biyu na farko a 2020.

To, a ƙa'idar aikin gwamnati takardar shaida ce ke yanke matakin da mutum zai fara. Shekarun aiki kuwa daga ranar da aka ba shi takardar kama aiki a ke fara ƙirga su. Saboda haka wanda ya shekara shida yana karɓar haihuwa da fitilar hannu zai iya shiga sahu ɗaya da ƙaninsa da ya gama makaranta bara. Wani lokaci ma ƙanin ya samu, shi ya rasa.

Masu goyon bayan ƙa'idar suna da hujja, kada a raina ta. Sun ce aikin sa-kai ba shi da rajista tsayayya, kuma in aka ce wasiƙar shugaban asibiti ta isa shaida, lalle kowane ɗan gata zai zo da tasa. Gaskiya ne. Amma rashin rajistar nan laifin wa? Wanda ya kwana a kan majinyaci ba shi ne ke riƙe da littafin ofis ba. Jadawalin aikin dare da takardun biyan alawus suna nan, in ana son dubawa.

Abin ya fi ciwo a ƙasar Bade, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, baƙon ma'aikaci kuwa bai cika zama ba. Da ya sami dama sai ya nemi canji zuwa Damaturu ko Maiduguri. Ɗan sa-kai ɗan gida ne, shi ba inda za shi.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan. Akwai 'ya'yansu da su ka koyi jinya, su ka yi shekaru a asibitocin kuɗi na Kudu, suna kuma son komawa gida. Su ma tambayar da ke jiransu ke nan. Kafin mutum ya ɗaure kaya, ya kamata ya karɓi takardar shaidar aiki mai kwanan wata da hatimi, ya kuma nemi a rubuta masa matakin da zai fara a kai tun bai sa hannu ba.