Wai Don Zumunci Aka Hana Nuna Fim Ɗin?

Mai karatu, kai da ba ka gajiya da finafinan Indiya, ko ka san a 2014 hukumar tace finafinan ƙasar ta hana "No Fire Zone" izinin shiga silima? Wai zai ɓata zumuncinsu da Siri Lanka. Haba jama'a!

Callum Macrae ya fito da fim ɗin a 2013, kan watannin ƙarshe na yaƙin da ya ƙare a Mayun 2009. Gwamnati ta ware wa fararen hula 'yan ƙabilar Tamil wurare ta ce nan babu harbi, suka taru, sai ruwan bama-bamai. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mai yiwuwa mamatan sun kai 40,000.

Gwamnatin ta ce duk ƙarya ce. To amma yawancin hotunan kisan da wayar salula aka ɗauke su, daga ɓangaren sojojin kansu. Kuma fim ɗin bai ɗaga wa 'yan tawayen LTTE ƙafa ba, ya faɗi yadda suka yi garkuwa da mutanensu. Ina farfagandar take?

Masu cewa hotunan sun yi muni, gaskiyarku. Ni kaina sai da na kau da kai. Ga Balachandran, ɗan shugaban 'yan tawayen, yaro ɗan shekara 12, zaune a tsare yana cin abinci. Hoto na gaba gawarsa ce, harsasai a ƙirji. Wannan aka ce kada 'yan kallon Indiya su gani, shi kuwa Macrae ya sake musu fim ɗin kyauta a intanet.