Wai Ina Aikin Shugabannin Ilimi Na Yankunanmu?

'Yan uwa matasa, duk ranar da aka kwashe 'yan makaranta abin da za ku ji a rediyo ɗaya ne: gwamnati ta yi Allah wadai, ta kafa kwamiti, ta rufe makarantu. Shi ke nan. Babu mai tambayar mutanen da aka ba ofis da mota da albashi don su san halin da kowace makaranta ke ciki, wato Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, da Daraktan shiyya, da iyayen gidansu na SUBEB da ma'aikatar ilimi. To mu yau su muke tambaya.

Kada wani ya ce abin ya zo musu ba zato. A watan Fabrairun 2014 aka yi wa ɗalibai kisan gilla a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi. Ko wata biyu ba a yi ba, ranar 14 ga Afrilu, aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, alhali hukumar WAEC ta ce tun kafin nan ta nemi a mayar da masu jarrabawa wuri mai tsaro. Sai Dapchi a 2018, 'yan mata 110, bayan an janye sojojin da ke garin. Sai Ƙanƙara a 2020, sama da yara 300. Sai Kagara da Jangebe da Tegina a 2021. Sai Kuriga ranar 7 ga Maris 2024, da safe, ido na ganin ido, har da 'yan firamare. Shekara goma cur! Wanda aka cije shi sau ɗaya a rami ai ba ya sake zura hannu, amma su waɗannan bayin Allah kullum a rami guda ake saran su.

Kuma ba rashin takarda ba ne. A 2014 aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, 'yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta ƙara wata 10. A 2015 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Oslo kan kare makarantu. A ƙarshen 2022 aka fito da tsarin kashe sama da Naira biliyan 144 daga 2023 zuwa 2026. Ɗan uwa, leƙa firamaren unguwarku ka gaya mini ko ka ga ƙyallin wannan kuɗi.

Ni na leƙa. Makarantar da ƙanina yake, katangarta ta faɗi tun daminar bara, awaki da 'yan acaɓa ta tsakar fili suke ratsawa. Maigadi ɗaya ne, dattijo, makaminsa sanda da tocila. Muka rubuta takarda mu biyar muka kai ofishin ilimi. Zuwan farko aka ce oga yana mitin. Na biyu ya tafi taron bita a babban birnin jiha, wai kan tsaron makarantu! Na uku masinja ya ce fayil ɗinmu yana kan tebur. Abin da na lura da shi kawai, shi ofishin katangarsa lafiya lau, har da waya mai ƙaya a samanta.

Na san abin da za su ce: tsaro aikin soja da 'yan sanda ne. Wa ya ce su ɗauki bindiga? Sanin makarantar da ke bakin daji, wadda ba ta da ƙofa, wadda waya ba ta shiga garinsu, wannan ma aikin soja ne? Zama da hedimasta da mai unguwa da iyayen yara a tsara wanda za a kira da inda yara za su nufa in an ji ƙarar babura, shi ma sai an jira Abuja? In ka rubuta wa na sama ya ƙi ji, ka fito da kwafin takardar mu gani, mu san wuyan wa za mu riƙe. Amma dabarar da suka iya ɗaya ce, a sa kwaɗo a rufe makaranta, ɗan talaka ya koma talla, nasu kuwa suna can makarantun kuɗi masu maigadi uku-uku.

Mu dai ranar Litinin da ƙarfe tara za mu koma ofishin nan da kwafin takardarmu mai hatiminsu. Duk wanda yake da ƙane a makarantar gwamnati, ya je ya duba katanga da ƙofa, ya rubuta abin da ya gani, ya kai nasu ofishin, kuma kada ya baro wurin sai an buga masa hatimin karɓa.