Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Legas: A Shata Wa Gini Iyaka Tun Kafin Teku Ta Shata Da Kanta

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Legas, Mista Babajide Sanwo-Olu.

Na rubuto maka wannan wasiƙa a bainar jama'a, kuma da Hausa, domin maganar ta wuce masu gidaje a Lekki da Ikoyi. Hausawa sun haura shekara ɗari suna zaune a Ikko, daga Agege zuwa Obalende, daga Idi Araba zuwa Mile 12, kuma kayan da ake saukewa a Apapa su ke cika shagunan Kano da Kaduna. Duk abin da ya taɓa Legas ya taɓa aljihun ƙasar nan baki ɗaya. Magana ɗaya gare ni: ambaliyar Legas daga teburin da ake sa hannu a takardar fili da izinin gini take farawa, kuma wannan tebur naka ne. Kai ka karanci aikin safiyo a Jami'ar Legas, ka kuma shugabanci kamfanin gine-gine na jiha, LSDPC, kafin ka hau mulki a 2019. Ba a taɓa yin gwamnan da ya fi ka sanin ma'anar tudu da kwari a kan taswira ba, shi ya sa uzurinka ya fi na kowa ƙaranci.

Bari mu fara da abin da aka auna. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa tsakanin 1901 da 2018 ruwan tekun duniya ya ɗaga da kimanin santimita 20. Abin tsoron yana cikin saurin: daga 1901 zuwa 1971 ƙarin bai wuce milimita 1.3 a shekara ba, amma daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7. In duniya ta ci gaba da fitar da hayaƙi mai yawa, kafin 2100 ƙarin zai iya kaiwa mita guda. Wani zai ce ina ruwan birni mai dogayen benaye da 'yan milimita? Amsar tana cikin kwata. Ruwan saman da ya sauka a Victoria Island ko Lekki ba shi da mafita sai tafkin Legas, tafkin kuma a haɗe yake da teku. In aka yi ruwa mai ƙarfi a daidai lokacin da teku ta ciko, bakin magudana yakan nutse, ruwan ya rasa inda zai zuba, sai ka ga yana bulbulowa daga cikin kwalbati yana dawowa kan titi, baƙi wuluk, ɗauke da robobi da ƙazantar masai. Kowace santimita da teku ta ƙara, awannin da magudana ke a toshe ta wannan hanya suna ƙaruwa, ko da an yashe ta fes. Ga kuma ƙasar kanta tana lotsawa, domin yawancin gidaje da rijiyar burtsatse suke sha, ana ta zuƙe ruwan ƙarƙashi, an kuma ɗora nauyin bene a kan yashin da aka zuba jiya. Wannan ne ya cinye arewacin Jakarta har Indonesiya ta sanar a 2019 cewa za ta sauya babban birni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi da naka.

Na san amsar farko da za a ba ni, wato katanga. Za a nuna mini Eko Atlantic da doguwar katangar duwatsu da kankare da ta kare Victoria Island daga igiyar da a da take hawowa titin Ahmadu Bello. Ba na musun cewa ta kare. Amma tarihin wannan gaɓar ya isa darasi. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka gina shingayen duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa domin kada yashi ya toshe ta. A wannan yanki igiyar teku daga yamma take kwaso yashi ta kai gabas. Da shingen ya tare shi, sai ya taru ta yamma, Bar Beach da ke gabas ta rasa abin da ke ciyar da ita, ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru, gwamnati bayan gwamnati tana zuba yashi teku tana kwashewa. Aikin da ya gyara wuri ɗaya ya ɓata na kusa da shi, kuma sai da aka shekara kusan ɗari ana biyan bashin. Yau ga Okun Alfa da Alpha Beach da ke gabas da sabuwar katangar, teku ta ci musu gidaje da hanya da itatuwan kwakwa. Mazauna wurin suna ɗora laifin a kan cikon Eko Atlantic, masu aikin suna musantawa, amma ita kanta gwamnatin jiha sai da ta jera shingayen duwatsu a wannan gaɓa don rage ɓarnar. Katanga tana kare abin da ke bayanta ne kawai, kuma ba ta da abin da za ta yi wa ruwan da ke saukowa daga sama ko wanda ke gangarowa daga kogin Ogun.

Abin da ke shanye irin wannan ruwan fadama ce, ita kuma ake kashewa kullum. Kowa ya san yadda abin ke tafiya a hanyar Lekki zuwa Epe. Tifa ta juye yashi a dausayi, a sare itatuwan bakin ruwa masu saiwa a cikin laka, a zagaye da katanga, a ɗaga daɓen gida ya fi titi tsawo, a shimfiɗa siminti har bakin ƙofa. Ruwan da a da yake kwana a wurin ya tsotse a hankali, yanzu sai ya gangara gidan maƙwabcin da ya riga yin gini a ƙasa-ƙasa, shi ma ya ɗaga nasa, a ƙarshe titi ya zama kogi. Kowane mai gida ya yi dabara, unguwa ta nutse. Ba mai fuloti ɗaya da zai iya warware wannan, domin lissafin na kwarin gaba ɗaya ne, kuma mai riƙe da wannan lissafi ita ce hukumar tsara gari. Gandun Lekki da aka keɓe a 1990 hekta 78 ne kacal, a yankin da a da kusan dukansa daji ne da fadama.

Ranka ya daɗe, a nan zan daɗe, domin nan ne ciwon yake. A Legas an sha ambaton haɗarin ruwa, amma a kan talaka ake ambatonsa. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, mutum kimanin 300,000 suka rasa matsuguni, kuma cikin hujjojin da aka bayar har da cewa wurin kwari ne da ruwa ke ci. Aka cike shi da yashi, yau yana cikin filaye mafi tsada a Najeriya. A 2012 aka ba wani sashe na Makoko wa'adin awa 72. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi Otodo Gbame, mutum kusan 30,000, wasu sun kwana a cikin kwalekwale da 'ya'yansu a kan tafki, kuma babbar kotun jiha ta yanke hukunci a 2017 cewa korar mutane irin wannan ba tare da tanadin inda za su koma ba ta saɓa wa tsarin mulki. Ba a jima ba aka ga ana cikon yashi a wurin. In wuri yana da haɗari ga masunci, bai daina zama haɗari don attajiri ya saye shi ba. Masuncin ma gidansa a kan turaku yake, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi; shi kuwa cikon da ya maye gurbinsa tare ruwan yake yi ya tura wa wasu. Wannan tarihi ne ya sa duk ranar da gwamnati ta ce "ambaliya", talaka katafila yake ji. Ba za a samu haɗin kan jama'a ba sai ranar da suka ga ƙa'ida ɗaya ta hau kan kowa.

Ba zan ƙi yaba abin da aka yi ba. Tun daga 2023 ma'aikatar muhalli ƙarƙashin Tokunbo Wahab ta rushe gine-ginen da suka hau hanyar ruwa a Ikota da Mende, ciki har da gidaje masu tsada, an kuma hana amfani da robar zuba abinci mai toshe kwata a 2024. Amma rusau ihu ne bayan hari. Gidan bene ba ya tsirowa a dare ɗaya. An auna filin, an kai bulo da rodi wata da watanni a gaban idon jami'an da aikinsu ke nan. Ƙa'idojin jiharka sun ce a bar mita 150 tsakanin gini da teku, mita 50 daga tafki, mita 15 daga kogi. Wa ya sa hannu aka ƙetare su, ko wa ya kau da kai? Wanda ya tara kuɗin shekara ashirin ya sayi gida shi ke kwana a waje, jami'in kuwa yana ofis. Sannan ita kanta tazarar mita 150 tana da rauni, domin daga bakin ruwan yau ake auna ta, bakin ruwan kuwa tafiya yake yi.

Ga abin da nake roƙo. A auna tsayin ƙasar jihar gaba ɗaya, a haɗa da saurin lotsawar kowace unguwa da hasashen hawan teku na shekara 50 masu zuwa, a fitar da taswirar da ta raba ƙasa gida uku: inda ba za a ƙara cike fadama ko ba da izinin gini ba ko ga wane ne, inda za a yi gini bisa sharaɗin tsayin daɓe da barin ƙasar da za ta sha ruwa, da inda ake so gari ya faɗaɗa. A kai ta majalisar dokokin jiha ta zama doka, yadda ba gwamna ko kwamishinan da zai ɗaga ta da wasiƙa. A buga ta a intanet kyauta, a manna ta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da Yarbanci da Turanci da Hausa da Ibo da Egun, a kuma rubuta rukunin kowane fili a jikin takardar mallakarsa, domin mai saye da banki mai ba da rance su sani kafin kuɗi ya fita. Inda ya zama dole a tashi tsofaffin mazauna, a fara gina inda za su koma, kusa da ruwan da suke ci daga gare shi, kuma wurin da suka bari ya koma fadama har abada, kada a sayar. Tun ran gini tun ran zane.

Za a ce hannunka a ɗaure yake, tunda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa gwamnatin tarayya iko da hanyoyin ruwa a 2024, kuma babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita 700, aikin Abuja ne. Gaskiya ne, amma rabi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasar jiha, kuma Legas ce da kanta ta kai ƙara Kotun Ƙoli ta yi nasara a 2003 cewa tsara gari da izinin gini hurumin jiha ne. Abuja na iya shimfiɗa kwalta, amma abin da za a gina a gefenta kai za ka yarda ko ka hana. Wannan ma shi ya sa abin ke da gaggawa. Sabuwar hanya tana jawo gini kamar yadda zuma ke jawo ƙuda, ga matatar Dangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023 suna jan dubban ma'aikata zuwa Ibeju-Lekki. Shekaru kaɗan masu zuwa ne za su yanke yadda wannan gaɓar za ta kasance ta tsawon ƙarni.

Hujja mafi nauyi ita ce ta matsuguni da kuɗin shiga: jama'a na kwararowa kullum, Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa, kuma filin da aka cike yana kawo wa baitulmali kuɗi. Ban raina wannan ba. Sai dai gidajen da ake ginawa a kan ciko ba na mai neman ɗaki ɗaya ba ne. Shi yana Ajegunle da Mushin da Ikorodu. Wurin faɗaɗa na gaskiya yana tudu, a gefen layukan dogo biyu da gwamnatinka ta buɗe, inda za a iya ɗaga gini sama a Agege da Oshodi da Ikeja. Kuɗin fili kuwa sau ɗaya ake karɓa, amma famfon zuƙe ruwa da gyaran titi da katanga kowace damina ake biya, daga harajin mai shago da ɗan acaɓa. Holan, wadda ta fi kowa gwanintar katanga tun bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum 1,836, sai da ta kwashe mutum kimanin 250,000 a 1995 saboda cikar koguna, daga nan ta shiga ja da shingayenta baya tana mayar wa kogi filinsa, tana biyan manoma diyya.

Kada kuma taswirar ta tsaya a gaɓar teku. Duk shekarar da aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke Jihar Ogun, Isheri da Agiliti da Owode Onirin sukan koma shiga da kwalekwale, a bayan kasuwar Mile 12 inda 'yan gwari ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. Ruwan kogi yana saukowa, tafki ya riga ya cika, teku ta tare gaba. Wannan kwari na jihohi biyu ne, don haka sai ka zauna da takwaranka na Ogun da hukumar da ke kula da madatsar ku shata shi tare.

Wa'adinka zai ƙare a watan Mayun 2027. Kafin nan lokaci ya isa a yi awo, a buga taswira, a saurari jama'a unguwa-unguwa, a kai ƙudiri majalisa. Abin da ba ya buƙatar jiran kowa shi ne umarnin dakatar da ba da sabon izinin cike fadama da tafki har sai taswirar ta fito, kuma wannan kana iya sa masa hannu a makon nan.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.