Jinjina ga masu sauraren kifi a Uruguwai

Duk wanda ya taɓa minjirya da hannu ba sai an yi masa bayani ba, ya san kifi na iya ɗauke da lantarki. Amma akwai wasu kifayen da wutarsu ba ta kai ta girgiza ko yatsa ba. Da ita suke gane hanya cikin duhun ruwa, da ita kuma suke zance da junansu. Ɗan sarki, wanda masuntanmu ke kamawa a kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi, yana cikinsu. A kansa ne ma Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya tabbatar da wannan 'yar wuta a 1951.

Jinjinata ta yau ta masu bincike ce a cibiyar Clemente Estable da ke Montebidiyo, babban birnin Uruguwai, musamman Ana Silva da Rossana Perrone. Shekara da shekaru suna sauraren wani kifin ƙasarsu, Gymnotus omarorum, mai zaman kaɗaici da kishin muhallinsa. Sauraro na zahiri nake nufi: a tsoma wayoyi a ruwa, a jona da lasifika, sai ka ji bugun wutar kifin, tak-tak-tak, ba kakkautawa. Idan aka haɗa biyu a tanki ɗaya, faɗa ke kaurewa, cizo da ture, kuma cikin 'yan mintuna an san gwani, galibi mai girman jiki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda wanda aka kayar ke miƙa wuya. Sai ya ɗauke wutarsa ɗif na ɗan lokaci, daga baya kuma ya rage saurin bugunsa, kamar yaro mai sassauta murya a gaban babba.

Sun bi sawun wannan hali har cikin ƙwaƙwalwa, zuwa ga basotosin, wani ƙanƙanin sinadari mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, ɗan uwan basofiresin da ke jikinmu. Binciken da suka wallafa a 2018 ya nuna aikinsa ya danganta da matsayin kifin. Da aka toshe shi a jikin mai rinjaye, zafin harinsa ya ragu. Da aka ƙara wa na ƙasa, sai alamun miƙa wuyarsa suka ƙaru. Ke nan ba a isa a laƙaba masa sunan sinadarin faɗa a wuce wurin ba. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 4 ba ce ta koya wa duniya wannan, da kifin tafkinta. Sannunku da aiki, Allah ya ƙara basira.

Sai dai da sauran rina a kaba. Tanki ba tafki ba ne. Muna so a bi basotosin har cikin ciyayin ruwa, inda kifi ke da maƙwabta da wurin gudu. Isotosin ma, takwaran oksitosin namu, ya cancanci irin wannan haƙurin.

Babban bashin kuwa na Afirka ne. Kifayen lantarkinmu da na Kudancin Amurka kowane da hanyar da ya bi ya samu wannan baiwa, ba gadon kaka ɗaya ba ne, don haka sai an gwada su kafin a san ko basotosin na aiki iri ɗaya. Ga Gnathonemus petersii na kogin Neja, mai doguwar haɓa kamar hancin giwa, wanda ƙwaƙwalwarsa ke cinye wajen kashi 60 cikin 100 na iskar oksijin da jikinsa ke sha. Ina roƙon malaman Montebidiyo su miƙo hannu, ina kuma roƙon jami'o'inmu da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta Sabuwar Busa su tare su. Kifin yana nan a komar masunta a Kainji, waya da lasifika kuma ana samun su a kasuwa.