Bireka ba maƙiyinka ba ne, ka daina ɗaure masa baki 🧵

1/ Jama'a, yau kan wutar gida za mu yi magana. Akwai wata ɗabi'a da muka mayar ba komai ba alhali tana cin dukiya da rayuka: bireka ya faɗi sau biyu, sai a kira mai gyara a ce "ka sa mana babba", ko a ɗaure fis da waya. Ra'ayina a fili: wannan ganganci ne, ba dabara ba ce. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga tushe. Duk wayar da ke cikin bangon gidanku tana da iya nauyin da za ta ɗauka, ana auna shi da amfiya, wato A ɗin nan da kake gani a jikin bireka: 6A, 10A, 20A, 32A. In wutar da ke bi ta waya ta wuce ƙarfinta, wayar zafi take yi, robar ta narke, sai tartsatsi.

3/ Kuma zafin ba a hankali yake hawa ba. Ka ninka amfiya sau biyu, zafin cikin waya ya ninka sau huɗu. Ka ninka sau uku, ya zama sau tara. Shi ya sa "ɗan ƙari kaɗan ne fa" ke ƙarewa da silin yana ci da wuta.

4/ Abin da mutane da yawa ba su gane ba: aikin bireka shi ne kare WAYA. Girmansa ana zaɓa ne daidai da kaurin wayar. Wayar 1.5mm ta ƙwan fitila, birekanta 6A ko 10A. Wayar 2.5mm ta soket, yawanci 20A. Ka ɗora 63A a kan wayar 2.5mm, to wayar ce za ta riga birekan mutuwa.

5/ A cikin ƙaramin birekan nan masu gadi biyu ne. Na farko ɗan ƙarfe ne da aka manne iri biyu. In lodi ya yi yawa yana ɗumi, ya lanƙwashe a hankali har ya saki makunni. Shi ya sa wani lokaci sai kin yi minti goma kina guga kafin ya faɗi. Yana ba da uzuri kafin ya yanke hukunci.

6/ Na biyu maganaɗisu ne. Wannan ba ya jira. In wayar wuta ta haɗu da nutural kai tsaye, ɗaruruwan amfiya ke kwararowa, shi kuma kafin ƙiftawar ido ya yanke. Ba sabuwar fasaha ba ce ma: wani Bajamushe, Hugo Stotz, ya yi rajistar irin wannan bireka tun 1924. Shekara ɗari ke nan, mu kuma muna nan muna ɗaure shi.

7/ Fis shi ne yayansu. Siririyar waya ce da aka yi ta musamman don ta narke kafin wayar gida ta narke. Wato ita ke mutuwa domin gida ya tsira. To in ka cire ta ka cusa ƙusa, ko waya mai kauri, ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ka kori mai gadi ka ajiye gunki a bakin ƙofa.

8/ Mu yi lissafin ɗakin ɗalibi ko na amarya. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Raba wat da 230, ka samu amfiya:
Butar dafa ruwa, wat 2000: kusan 9A
Risho na lantarki, wat 1500: 6.5A
Dutsen guga, wat 1200: 5A
Jimla: sama da 20A.

9/ Duk ukun nan a ekstenshan ɗaya da aka rubuta 13A a bayanta. Zafin da ke cikinta ya haura ninki biyu na abin da aka yi ta dominsa. In birekan layin 32A ne, ko gezau ba zai yi ba, a wurinsa lafiya lau. Sai ki ji warin roba. Abu mai dumama kowane iri, a soket ɗin bango yake, shi kaɗai.

10/ "To ai faɗuwa yake ta yi, ya za mu yi?" Madalla, tambayar ke nan. Faɗuwar saƙo ce. Ko dai kun tara kaya a layi ɗaya, ko wani abu ya lalace, ko waya ta goge a cikin bututu, ko ruwa ya shiga. Cire komai, tayar da shi, mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da shi, shi ne mai laifi.

11/ In ka cire komai kuma ya ƙi tsayawa, ka bar shi a ƙasa ka kira ma'aikaci. Kar ka danne shi da hannu, kar ka tokare shi da tsinke. In kuwa kayan gidan ne suka ƙaru, an sa esi, an sa hita, maganin shi ne a ja sabon layi da waya mai kauri da nasa birekan. Waya ake fara canzawa, sannan bireka.

12/ Yanzu rile. A manyan tashoshi bireka ba ya yanke shawara da kansa. Akwai na'urar da ke auna amfiyar layi tana kai wa rile rahoto, shi rile ya duba yawa da tsawon lokaci, sannan ya ba bireka umarni ya buɗe. Rile ƙwaƙwalwa, bireka hannu.

13/ Haka abin yake tun daga layukan TCN na 330kV da 132kV, zuwa 33kV da 11kV na kamfanonin rarrabawa irin KEDCO da Kaduna Electric, har taransifomar unguwa. Ana saita su ne yadda wanda ya fi kusa da matsala zai riga faɗuwa, na sama ya ɗan jira. Manufa: matsalar gida ɗaya kar ta kashe wa gari wuta.

14/ To ka ga inda muke cutar juna. Kai ka ɗaure fis ɗin gidanka. A taransifoma ’yan unguwa sun yi karo-karo an sa waya mai kauri a madadin fis don "a huta da zuwa gyara". Matsala ta taso, babu mai tare ta. Taransifoma ta ƙone, unguwa ta yi watanni a duhu, a dawo ana karɓar kuɗi gida-gida.

15/ Kuma ba sai an ba mu labarin gobara ba. Kasuwar Sabon Gari a Kano, 2016. Babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina, duk a 2021. Ba kowace gobara ce daga lantarki ba, gaskiya ne. Amma shiga kowace babbar kasuwa ka ɗaga kai ka kalli wayoyi, sannan ka tambayi shago nawa ne ke da bireka daidai da wayarsa.

16/ Na san abin da wasu za su ce: "Malam, wutar ma da ƙyar muke ganinta, awa uku aka kawo, dole mu kunna komai lokaci guda." Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma ita ce ma dalilin da ya sa muka fi kowa buƙatar kariya. Lokacin da kowa ya jona komai, lokacin ne waya ke shan wuya.

17/ Ga ƙarancin wuta kuma. In bolt ya sauka, injin firji da famfon rijiya suna ƙara jan amfiya don su iya juyawa, su yi zafi su ƙone. In nutural ya tsinke a layi, wuta na iya shigowa gida kusan 400 a maimakon 230. Bireka na yau da kullum ba ya ganin hawan bolt. Wannan aikin rile mai gadin bolt ne, a sa shi daban.

18/ Wani abu da bireka ba ya yi: ba ya hana wuta jan mutum. Amfiya ƙalilan, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya, ta isa ta tsayar da zuciya, shi kuwa 20A yake jira. Mai ceton rai shi ne RCD, wanda aka rubuta 30mA a jikinsa. Yana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci. Gida mai yara da hita, wajibi ne.

19/ ’Yan sola, ku matso. Inbata mai wat 1000 a kan batir 12V tana jan sama da 80A. Batir ba ya wasa, in waya ta haɗu sai ta yi ja. Dole a sa fis kusa da kan batir, kuma bireka na DC. Na AC ba ya iya kashe tartsatsin DC yadda ya kamata, don ita DC ba ta sauka sifili kamar AC. Kar mai haɗawa ya ce maka "duk ɗaya ne".

20/ Sai jabu. Akwai birekan da in ka fasa shi makunni ne kawai aka sa wa riga, babu ƙarfen zafi babu maganaɗisu. Wanda ya yi arha fiye da hankali, ka ji tsoronsa. Ka sayi waya da bireka a wurin dila sananne, ka karɓi rasit. Araha ba ta ado, balle a harkar wuta.

21/ Laifin ba na talaka kaɗai ba ne. Akwai NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba wayarin da ba masu aikin lantarki shaida. Akwai SON mai kula da ingancin kaya. Ya kamata a riƙa ganinsu a kasuwanni da gidajen haya da hostel, kafin gobara. Shugabannin kasuwa su ma su wajabta duba wayarin duk shekara.

22/ Masu gidan haya, kun karɓi kuɗin shekara cif, ku sa allon bireka na gaske, kowane ɗaki da nasa. Masu gyara, in kwastoma ya ce "ɗaure mana kawai", ka ce a'a ka faɗa masa dalili. Amana ce, akwai yara masu barci a gidan.

23/ Aikin yau, minti biyar: je ka buɗe murfin allon gidanku na waje, ido kawai, ban da taɓa waya. Karanta lambobin. In ka ga 63A a layin soket, ko fis da aka ɗaure da waya, ko tabon ƙuna, ko kana jin warin roba, kira ƙwararre a makon nan. Ka tura wa mai gidanku zaren nan da group ɗin unguwa. Allah Ya tsare mu da gobara. 🤲